Taya ɗaya a gaba ko biyu: littafin aikin Talibambam

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Yau muka turo tsohuwar A Daidaita Sahun da na saya zuwa cikin shago. Injinta ya buga, tamfol ɗinta ya yage, amma ƙashinta lafiya lau yake, kuma shi nake nema. Ba tayar da ita zan yi ba, awo zan yi da ita.

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 nake da burin ƙera ƙaramin abin hawa na lantarki, mai ɗaukar mutum 2, wanda zai kai ni Wudil daga Kano ya dawo da ni a caji ɗaya. Taya 3 nake so saboda sauƙin nauyi da sauƙin kuɗi. Tambayar da ta tsayar da ni ita ce: tayar nan guda ɗaya, a gaba za ta zauna kamar yadda muka saba gani, ko a baya?

Akwai kuma abin da ya sa ba zan ɗauki tambayar da wasa ba. A daminar bara, a gaban idona, ɗan sahu ya kife a wani shataletale. Ba gudu yake yi ba. Mai babur ya gifta masa, ya taka birki yana tsakiyar kwana, sai na ga tayar baya ta ciki ta ɗaga a hankali, kamar ana ɗaga ta da hannu. Akwai wata baiwar Allah da goyo a ciki. Allah ya tsare, ba a rasa rai ba, amma har yau ina ganin tayar nan tana juyawa a sama. Ina so in fahimci abin da ya faru da lissafi, ba da zato ba.

Turawa suna kiran tsarin biyu a gaba ɗaya a baya da sunan ɗan kwaɗo, saboda babban kai da siririyar jela. Don haka muka raɗa wa abin da za mu ƙera suna Talibambam. Ɗayar kuwa sunanta yana nan, Sahu.

Asabar, 18 ga Janairu

Awo. Daga tayar gaba zuwa aksul ɗin baya mita 2 cif. Tsakanin tayoyin baya mita 1.15. Mun aro sikelin hatsi guda 3, muka ɗora kowace taya a kan ɗaya, na zauna a kujerar direba. Gaba ta ba da kilo 147, na baya 137 da 136, jimilla 420. Wato kashi 35 cikin ɗari na nauyin yana kan tayar gaba, cibiyar nauyi kuma, wato wurin da nauyin duka yake daidaita a kansa, tana santimita 70 gaba da aksul ɗin baya.

Sai na ɗauki alli na zana wuraren da tayoyin suke taɓa ƙasa, na haɗa su da layi. Mota mai taya 4 a kan tabarma mai kusurwa huɗu take tsaye. Wannan kuwa a kan alwatika take, mai faɗi a baya, mai tsini a gaba. Na ɗiga alama a inda cibiyar nauyi ta faɗo. Daga alamar zuwa layin gefe santimita 37 ne kawai, alhali rabin faɗin bayan santimita 57 da rabi ne. Tun kafin a tayar da inji an yi asarar sulusin faɗin.

Duk maganar kifewa a nan take. Idan abin hawa yana tsaye, nauyinsa yana sauka daidai kan alamar. Idan ya shiga kwana, wurin saukar nauyin yakan matsa waje. Idan an taka birki ya matsa gaba, idan an ba da wuta ya matsa baya. Nisan matsawar kuma shi ne tsayin cibiyar nauyi daga ƙasa, sau ƙarfin turin idan an kwatanta shi da nauyin abin hawan. Da zarar ya tsallake layin allin, taya ta ɗaga. Yaron shagona ya tsaya yana kallon zanen, can ya ce, "Oga, ashe duk wanda ya zauna gaba a kan tsinin yake zaune." Haka ne.

Lahadi, 26 ga Janairu

Neman tsayin cibiyar nauyi ya fi wuya. Mun haɗa dandamali da falankai, muka ɗora Sahu a kai, muka cusa katako a shokozoba don kada su lotsa, muka ɗaure ta da igiya mai ɗan sako-sako ta yadda in ta tashi ba za ta faɗi ba. Buhun yashi na kilo 70 ya maye gurbina a kujera. Mai walda yana ɗaga gefe ɗaya da jek, ni ina zura takarda a ƙarƙashin tayar sama. Da takardar ta zare ba tare da turjiya ba, muka tsaya: digiri 31.

Digiri 31 daidai yake da maki 0.60. Ma'anarsa, idan ƙarfin da ke tura ta gefe ya kai kashi 60 cikin ɗari na nauyinta, za ta ɗaga ƙafa. Daga nan tsayin cibiyar ya fito, santimita 62. Taya mai kyau a busasshiyar kwalta tana riƙe ƙasa har wajen 0.7 zuwa 0.8 kafin ta zame. Ke nan Sahu za ta kife kafin ta zame, kuma wannan shi ne abin tsoron. Direban da motarsa ta zame yana da sauran dabara a hannunsa, wanda tasa ta kife ba shi da ita.

Da daddare na zauna na yi lissafin abin da na gani a shataletale. A kwana mai faɗin mita 10 daga cibiya, maki 0.60 yana cika ne a gudun kilomita 28 a awa. Amma a taka birki mai rabin ƙarfin nauyi, wurin saukar nauyi zai matsa gaba da santimita 31, ya shiga inda alwatikar ta tsuke. Faɗin da ya rage ya koma santimita 28 da rabi, makin ya faɗo 0.46, gudun kifewa ya koma kilomita 24. Mutumin nan yana cikin iyakarsa kafin ya taka birki. Birkin ne ya fitar da shi.

Na juya alwatikar a takarda, faɗi gaba tsini baya, da awo iri ɗaya. Ba birki, maki 0.60 ne, babu bambancin ko ƙwayar zarra. Da birkin nan dai, sai ya haura zuwa kusan 0.75, domin nauyin yana gudu ne zuwa tsakanin tayoyi biyu. Raunin wannan tsarin yana wajen ba da wuta a cikin kwana, inda nauyi ke komawa kan taya ɗayar. Sai dai ƙaramin inji ba ya tura mota da ƙarfin da birki ke tsayar da ita. Na sa 0.15 a lissafi, makin ya sauka zuwa 0.56 kawai. Kuma mutum yana zaɓar lokacin da zai ba da wuta, birkin gaggawa kuwa ba a shawara da kai.

Na kwanta ina ganin magana ta ƙare.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Magana ba ta ƙare ba. Wani dattijo da ke jan ɗan sahu tun kafin a hana acaɓa a Kano a 2013 ya zo gyaran ƙarfen rumfarsa, ya tarar da mu a kan zanen. Na yi masa bayani da ɗoki. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "To yaro, fasinjan naka fa, ina za ka zaunar da su?"

Na ce, "A baya mana, Baba."

Ya sa ƙafa ya nuna tsinin alwatikar da na juya. Bai ƙara cewa komai ba.

Mun maimaita gwajin dandamali da buhu 3 na kilo 65 a kujerar baya, an ɗaure su a tsaye kamar mutane. Na ɗauka za ta fi saurin ɗagawa. Ina! Digiri 31 ɗin nan dai, har da ɗan ɗoriya. Fasinja suna ɗaga cibiyar nauyi sama zuwa santimita 69, amma suna jan ta baya zuwa inda alwatikar ta fi faɗi, sai riba ta biya hasara. Da na yi lissafin kaya iri ɗaya a tsarin biyu a gaba, direba a gaba fasinja 3 a bayansa, makin ya ruguzo zuwa 0.43. Ya fi Sahu mai taka birki muni, tun ba a taka komai ba.

Wannan ya sa na ƙara ganin girman waɗanda suka tsara abin nan. Tun daga Ape da kamfanin Piaggio ya fitar a Italiya a 1948, zuwa waɗanda Indiya ke ƙerawa suna zuwa mana, da aka fara sani a Legas da Keke Marwa sannan Keke NAPEP, tunanin ɗaya ne: kaya da mutane su hau kan taya biyu, direba shi kaɗai ya zauna wajen taya ɗayar. Masu keken sayar da kayan sanyi da ke da taya biyu a gaba ma dokar nan suka bi, akwatin a gaba yake, tsakanin tayoyin.

Sai muka gwada abin da kowa ya san ana yi: fasinja na huɗu a gefen direba. Buhu ɗaya, santimita 40 daga tsakiya. Dandamalin bai kai digiri 28 ba takardar ta zare. Maki daga 0.61 zuwa kusan 0.52, saboda mutum ɗaya. Ya ƙara nauyi a sama, ya ƙara shi a gaba, ya kuma ƙara shi a gefe, duk ukun da ba a so. Na nuna wa Baba. Ya yi shiru, ya ce ya daɗe yana jin haka a hannunsa idan ya sha kwana, bai dai taɓa ganin an auna ba. Ban ce masa ya daina ba, na san abin da kuɗin mutum ɗayan yake tsare masa a gida. Amma ni dai daga yau ba zan ƙara zama a wurin ba, kuma na faɗa wa mutanen gidana.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Na yanke shawara. Talibambam biyu a gaba za ta zama, amma da sharaɗi: kujeru 2 kacal, ɗaya bayan ɗaya, a ƙasa sosai, batir kuma a shimfiɗe tsakanin tayoyin gaba. Aikinta doguwar hanya ce da gudu, ba lodi ba, kuma a gudu birki da iska su ne manya.

Akwai dalili na biyu. Duk karkatar da mota ke yi a kwana, ɓangaren da ke da taya biyu ne kaɗai ke ɗaukarta, taya ɗaya ba ta iya hana karkata. Ɓangaren da ya ɗauki wannan wahalar kuma shi ne ke fara sakin ƙasa. A tsarin ɗaya a gaba, baya ne ke fara zamewa, jela ta nemi ta wuce kai. A biyu a gaba, gaba ne ke zamewa, motar ta ƙi shan kwanar yadda ake so, kuma da direba ya sassauta gudu sai ta dawo hanya. Na biyun ya fi sauƙi ga wanda ba gwani ba.

Tarihi ma haka ya raba su. Motar da Karl Benz ya yi wa rajista a Jamus a 1886 ɗaya a gaba ce, domin juya taya ɗaya ya fi sauƙin ƙerawa. Amma waɗanda suka nemi gudu, kamar Morgan a Ingila tun wajen 1910, da Messerschmitt KR200 ta 1955, biyu suka sa a gaba. Baburan daji masu taya 3, ɗaya a gaba, masu tudun zama, a 1988 aka daina sayar da sababbinsu a Amurka bayan yawan haɗurra. Abu ɗaya da na soke tun daga takarda shi ne juya mota da tayar baya. Motar Dymaxion ta Buckminster Fuller a 1933 haka take, biyu a gaba, sitiyari a tayar baya, kuma irin wannan tuƙin sai a abin da ke tafiya a hankali, kamar motar ɗaga kaya a sito.

Awon da na tsayar: tsawo tsakanin tayoyi mita 2.3, faɗin gaba mita 1.4. Mun je Ƙofar Ruwa mun sayo fayif da ƙafafun gaba na wata ƙaramar mota.

Asabar, 15 ga Maris

Azumi, aiki sai da safe. Ƙashin ya haɗu. Abin da ya ci mana mako biyu shi ne sitiyari. Sahu kanta irin na babur ne, an gama. Nan kuwa sai tayarod biyu, wato sandunan da ke haɗa sitiyari da tayoyi, da hannuwa sama da ƙasa, da shokozoba biyu, da birki biyu da dole su kama daidai. A kwana tayar ciki tana bin ƙaramin da'ira, don haka dole ta fi ta waje juyawa. Dabarar nan da aka yi wa rajista a Ingila a 1818 da sunan Ackermann muka bi. Mun ja zare daga madogarar kowace tayar gaba zuwa tsakiyar tayar baya, muka walda hannuwan sitiyarin a kan layin zaren.

Kuɗi da nauyi da wahala, duka biyu a gaba ta fi ci. Wanda ya ce ta fi sauƙin ƙerawa bai riƙe tocin walda ba.

Asabar, 5 ga Afrilu

Bayan Sallah. An saka tayar baya mai inji a cikinta, mai ƙarfin kilowat 3, an ɗaure batir. A kan sikeli da ni a ciki: 88, 88, sai baya 84. Kusan sulusi-sulusi, abin da nake nema ke nan.

A dandamali jek ya ƙure bai ɗaga ta ba, sai da muka ƙara masa bulo. Digiri 46, maki ya ɗan wuce 1. Da buhun fasinja a baya ya sauko kusan digiri 42, maki 0.89. Ko a hakan ta wuce abin da taya ke iya riƙewa, wato za ta zame kafin ta kife.

Yaran shago sun yi ta tafi, suna cewa biyu a gaba ta ci gasa. Na dakatar da su, domin ba gaskiya ba ne, kuma ba na so a rubuta ba daidai ba a littafin nan. Cibiyar nauyin Talibambam tana santimita 46 daga ƙasa, ta Sahu 62. Faɗinta 1.4, na Sahu 1.15. Waɗannan biyun ne suka kawo makin. Da za a juya ƙashin nan ya fuskanci baya, dandamali zai ba da digiri 46 ɗin nan dai. Dandamali bai san gaba da baya ba. Sai an motsa tukuna bambanci zai fito.

Asabar, 19 ga Afrilu

Gwajin farko a wani fili da ba kowa, da asuba. Mun ɗaura ƙananan tayoyin kariya a kan sanduna a gefe biyu, na sa hular kwano. Mun zana da'ira ta mita 10 da toka.

Na yi ta ƙara gudu a da'irar har tayoyin gaba suka fara kuka, hancin ya fara fita waje. Na sassauta, ta dawo. Tayoyin kariya ba su taɓa ƙasa ba ko sau ɗaya. Na taka birki a tsakiyar kwana, daidai abin da mutumin shataletale ya yi, sai na ji ta ƙara durƙusawa a kan ƙafafunta biyu. Gabana ya faɗi kafin in taka, ba zan ɓoye ba, domin hoton tayar nan a sama ne ya zo mini.

Matsala ta fito ta inda ban duba ba. Da na taka birki da ƙarfi a miƙe, tayar baya ta ƙame, jelar ta karkace gefe. Lissafin mai sauƙi ne, ni ne ban yi shi ba tun farko: a birki mai ƙarfin 0.6, kilo 31 yana tashi daga baya ya koma gaba. Taya mai kilo 84 ta koma 53, ga shi na ba ta birki babba. Kuma ita kaɗai ce ke riƙe da jelar, in ta saki babu mai taya ta. Mun rage mata ƙarfi sosai, gaba ta ɗauki mafi yawan aikin.

Na biyu, duk lokacin da tayar dama ta hau tudu sai sitiyari ya fizge. Tayarod ɗin ba su yi tsawo ɗaya da hannuwan ƙafa ba, don haka hawa da saukar ƙafar yana juya tayar. An sake yanka, an sake walda.

Na uku ba shi da magani. Sahu tana juyawa a da'irar da ba ta kai mita 3 daga cibiya ba, shi ya sa take shiga lungu ta fito. Tayoyin Talibambam digiri 30 suke juyawa kafin su daki ƙashi, tana buƙatar wajen mita 4.6. A cikin birni, a layukan da ake kaucewa da kyar, wannan babbar hasara ce, kuma na karɓe ta.

Asabar, 10 ga Mayu

Yanzu sai iska. Turjiyar iska tana ninkawa huɗu idan gudu ya ninka biyu, ƙarfin da inji ke ƙonawa don ratsa ta kuma yana ninkawa takwas. A gudun cikin gari ba ta da wani girma, shi ya sa babu wanda ya damu da siffar ɗan sahu. A kilomita 70 kuwa ita ce ke shan batir.

Yawancin mutane sun ɗauka tsinin gaba ne ke yanka iska. Ni ma haka na taso da shi. Amma a irin gudunmu, bayan mota ne ke jawo asara. Iska tana iya zagaye dunƙulallen goshi ba matsala, abin da take so shi ne a sallame ta a hankali. Idan bodi ya yanke kwatsam, sai ta bar guguwa a baya, guguwar kuma ta riƙa tsotso motar. Edmund Rumpler ya nuna motarsa mai siffar ɗigon ruwa a Jamus a 1921, da aka auna ta a 1979 makin turjiyarta ya fito 0.28, abin da motoci da yawa na wancan lokacin ba su kai ba. Kamfanin Aptera na Amurka, wanda motarsa biyu a gaba ce, yana cewa tasa 0.13 ce.

Mun sassaƙa samfura 2 da soso mai tauri, rubu'in girman gaske, ɗaya mai tsini a gaba da faɗi a baya, ɗaya akasin haka. Ƙanwata ta ba ni zaren ulu ja na saƙa, muka yanka shi gajere-gajere muka manna ko'ina. Muka kafa su a kan sanda a saman a-kori-kura, nesa da rufin, yaron shago yana ɗaukar bidiyo da waya.

Abin ya yi kyau a ido. A mai jela, zaren ya kwanta luf tun daga goshi har kusan ƙarshe, kamar gashin da aka shafa wa mai. A mai faɗin baya, gaban ya kwanta lafiya, amma da aka wuce tayoyin baya sai zaren ya haukace, wasu suna karkarwa, wasu ma gaba suke nuni, alamar iskar tana dawowa. Ƙaramin samfuri a ƙaramin gudu ba ya ba da adadi na gaskiya, don haka ban ɗauki lamba daga nan ba, wurin da iska ke rabuwa da jiki kawai na duba.

Ba wai ɗaya a gaba ba za ta iya samun jela ba. Za ta iya, amma a ina? Iska ba ta bin jikin da ya tsuke da sauri, kusan digiri 12 zuwa 15 ne iyakarta. Daga faɗin mita 1.4, kafin a rage shi zuwa rabi a digiri 12, ana buƙatar ƙarin tsawon mita 1.65 a bayan aksul, fanko, ba ya ɗaukar komai. Biyu a gaba kuwa tsawon da ke tsakanin tayoyinta shi ne jelar, kyauta.

Asabar, 31 ga Mayu

Bodi ya hau. Siririn ƙarfe da falle-fallen alminiyam, kilo 25. Faɗinsa a kafaɗa santimita 90, tayoyin gaba suna waje. Na so in shigar da su ciki, amma taya mai juyawa tana son fili, da goshin ya kumbura har ya cinye ribar. Jelar ban kai ta tsini ba, na datse ta inda ta rage tafin hannu biyu, irin dabarar da ake jingina wa Wunibald Kamm, wadda ke rage tsawo ba tare da asara mai yawa ba.

Gwajin sakin wuta muka yi a miƙaƙƙiyar hanya bayan gari, da sassafe kafin iska ta taso. A kai kilomita 50, a saki, a ƙirga daƙiƙu har ta sauko 30. Zuwa 3, dawowa 3, a ɗauki tsakiya. Ba bodi, daƙiƙa 16. Da bodi, 23. Idan na cire turjiyar taya daga lissafi, bodin ya rage jan iska kusan da rabi. A kilomita 70, wannan shi ne bambanci tsakanin kilowat 3 da kilowat 1.6, wato tsakanin injin da ya ƙure da wanda ke da sauran numfashi.

Zaren ulu a kan bodin gaske ya nuna inda saura yake. Bayan tayoyin gaba da hannuwan ƙafa duk a birkice, kuma birkicewar tana bin gefen jiki har rabin tsawo. Harajin biyu a gaba ke nan, ƙafafunta suna cikin iska mai tsabta, kuma abin da suka dagula yana wanke sauran jikin. Mun yi wa tayoyin riga ta alminiyam mai juyawa tare da su, lokacin ya ƙaru da daƙiƙa ɗaya da ɗan kai.

Tirela ta wuce ni yau a karon farko. Iskarta ta ture ni gefe, amma hancin bai kauce ba. Batir ɗin da ke gaba da dogon gefen jela a baya sun sa ta yi kamar kibiya. Abin da ya fi damuna shi ne idona daidai tsakiyar tayar tirelar yake. Direban ba lallai ya san ina wurin ba. Tuta mai tsawon mita 2 da fitila a samanta sun shiga jerin dole.

Asabar, 14 ga Yuni

Ruwa ya sauka sosai daren jiya, na fita da gangan. Tsakanin cikinta da ƙasa santimita 17 ne. Ta goga a tudun rage gudu sau biyu, kuma a wani kwari ruwa ya kai ƙasan akwatin batir. Rami kuma, da ita da Sahu duk ciwonsu ɗaya: sawu uku suke bari a ƙasa, in ka raba rami tsakanin tayoyi biyu, ta tsakiyar ce za ta faɗa. Bambancin kawai, a Sahu kana ganin tayar da za ta faɗa, a nan tana bayanka, a ƙarƙashin fasinja.

Zan ɗaga ta da santimita 4. Na yi lissafi kafin in taɓa komai: da fasinja, cibiyar nauyi za ta tashi daga santimita 48 zuwa kusan 52, maki ya sauko daga 0.89 zuwa 0.82. Har yanzu yana sama da riƙon taya, amma tazarar ta yi siriri fiye da yadda nake so. Don in dawo da ita, zan matsar da kujerar baya gaba da santimita 10, fasinja ya sa ƙafafunsa gefen kujerar direba, kuma wurin ajiye jaka zai tashi daga jela ya koma hanci.

Baba ya biyo ɗazu, ya zagaye ta sau biyu, ya durƙusa ya leƙa batir ɗin. Ya tambaya ko za a iya yi wa tasa wani abu. Na ce a kawo ta ranar Asabar mu ɗora a dandamali. Tayarsa ta safaya a kan rufi yake ɗaure ta, kuma yana loda kayan fasinja a can. Daga nan za mu fara.